Bargon ƙyallayen atamfa: kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, shafi yana tamuƙewa

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman shawara kan bargon da nake haɗawa da ragowar atamfa, so nake in gama shi kafin sanyin hunturu ya kankama. Na yanka ƙyallaye 168, kowanne inci shida tsawo inci shida faɗi, na ɗinka su layi 14, kowane layi ƙyalle 12. Kekena Butterfly ne baƙi, na ƙafa.

Da na zo haɗa layukan sai na tarar tsawonsu ya bambanta. Wani ya fi wani da inci biyu, wani har ya kusa uku, mahaɗar sama kuma sai ta goce wa ta ƙasa. Layi biyar na haɗa na dakata.

Sannan na yi gwaji da ɗan ƙarami, na sa faiba, wato audugar roba, a tsakiya, shafi a ƙasa. Sama ya fito tas, amma da na juya sai na ga shafin ya tamuƙe, wani wuri ma ya ninke an ɗinke shi a haka. Zare ya cukurkuɗe a ƙasa, allura biyu suka karye a mahaɗa. Shin keken ne bai iya wannan aiki ba, ko ni ce? Kuma yadi nawa zan saya na shafi, me ya fi dacewa in sa a tsakiya? Allah ya saka da alheri.

Hajiya Mai Zanin Gado:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, kada ki ja gajeren layi don ya kamo dogo. Jan nan shi ke sa bargo ya yi tumbi a tsakiya, gefensa ya riƙa lanƙwasa ko an goge shi sau goma.

Bari mu nemo inda incin nan uku suka shige. Layi mai ƙyalle 12 yana da ɗinki 11. Idan kwatan inci kike ci a kowane ɗinki, ɗinki ɗaya yana cinye rabin inci ke nan, kwata daga wannan ƙyalle, kwata daga wancan. Saboda haka kowane layi ya kamata ya fito inci 66 da rabi. To idan hannunki ya ɗan shiga ciki da rabin kwata kacal, abin da ido ba zai gani ba, layin zai koma 63 da kwata uku. Kin ga kusan inci uku sun tafi ba tare da kin yi wani kuskure babba ba. Riga tana yafe irin wannan, amma aikin ƙyallaye ba ya yafewa, don kuskuren taruwa yake yi.

Ki kwance layi biyar ɗin da kika haɗa, ki shimfiɗa duka 14 ɗin ki auna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ba ki 66 da rabi, ko ya kauce da kwata, ki ajiye shi gefe, lafiyarsa lau. Sauran ki juya bayansu ki bi ɗinkunan da tef, za ki ga uku ko huɗu ne suka ci da yawa, su kaɗai za ki kwance. Wajen kwancewa kada ki sa reza tsakanin ƙyallaye biyu kina ja, bakin ƙyallen zai miƙe. Ki tsinke zaren ƙasa bayan kowane taku huɗu, sai ki juya ki zare na sama, zai fito a miƙe.

Sai ki yi wa keken iyaka. Ki sa tef ɗin awo ƙarƙashin allura, ki sauke ta daidai kan alamar kwata, sannan ki liƙa salatef na takarda a farantin keken daidai bakin tef ɗin, ki ninka shi sau biyar ko shida ya yi tudu yadda ƙyalle zai riƙa jingina da shi. Don ki tabbatar, ki yanka ƙyalle uku masu faɗin inci biyu-biyu ki haɗa su ki goge. Idan duka sun ba ki inci biyar, na tsakiya kuma ɗaya da rabi, iyakarki ta yi daidai.

Ki kuma sake duba yankan. Kwalin da ake zana ƙyalle da shi yana cinyewa a kusurwa bayan an zana hamsin ko sittin, sai na ƙarshe su fito ƙanana. In kuma an ninka atamfa shida an datse da almakashi lokaci ɗaya, na ƙasa sukan zame. Ninki biyu ya isa.

Abin da ke sa kusurwoyi su haɗu kuwa guga ne. Layi na ɗaya ki kwantar da duk ɗinkunansa dama, na biyu hagu, na uku dama, har ƙarshe. Idan kika haɗa layi biyu fuska da fuska, tudun wannan zai tokare tudun wancan, za ki ji da yatsa sun shige juna kamar an kulle. Nan za ki soka fil, a kowace mahaɗa, guda 11 a layi. Wannan kuma yana rage kaurin wurin, allura ta samu sauƙi. Dutsen guga ki danna ki ɗaga, kada ki riƙa gurza shi gaba da baya, gurzawa miƙar da ƙyalle take yi.

Abu ɗaya da ba ki faɗa ba: atamfofin duk auduga ne? In akwai mai roba a ciki, ita ba ta tsukewa a wanki, audugar kuwa tana iya tsukewa da wajen inci ɗaya a yadi, sai bargon ya yamutse bayan wankin farko. Ki ƙona ɗan guntu ki gani. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Shadda da leshi kuma kada su shiga, nauyinsu da miƙewarsu daban ne.

Malam Mai Gyaran Keke:

Hajiya ta gama da maganar awo. Ni zan tsaya kan keke. Malama, kekenki ya iya aikin nan sarai, irinsa yana ɗinka abin da ya fi wannan kauri. Saiti yake so.

Zare ya cukurkuɗe a ƙasa, mutane sai su kama ƙoshiya, wato gidan kwarkwaron zaren ƙasa, suna murɗa ɗan sukurunta. Galibi laifin zaren sama ne, bai shiga tsakanin faifan tenshan masu matse zare ba, ko tenshan ɗin ya yi sako-sako. Ki zare shi gaba ɗaya ki sake sakawa alhali ƙafar keken, wadda ke danne yadi, tana sama, domin sai an ɗaga ta faifan suke buɗewa. In kin gama ki sauke ƙafar ki ja zaren, ya kamata ki ji ya yi ƙarfi. Idan har yanzu yana zuwa salalo, ki duba tsakanin faifan, wataƙila guntun zare ko ƙura ta maƙale. Wani abin kuma, da yake faiba tana da tudu, sai mutum ya ga kamar ƙafar a sauke take alhali ya manta bai sauke ba. Wannan kaɗai ya isa ya tara miki zare tuli a ƙasa. Kuma duk sanda za ki fara layi, ki riƙe bakin zaren biyu a baya har ki yi taku uku.

Gwajin ƙoshiya: ki sa kwarkwaro cike a ciki, ki riƙe bakin zaren ki rataye ta. Idan ta zube ƙasa da kanta, ta yi sako. Idan kin girgiza ta ƙi motsi, ta yi tsauri. Daidai shi ne ki ɗan girgiza ta sauko inci ɗaya ko biyu ta tsaya. Murɗin sukurun kaɗan-kaɗan ake yi, kwatan juyi ma ya yi yawa wani lokaci.

Allura: mai lamba 14 ta isa haɗa ƙyallaye, amma idan aka zo hawa uku, wato fuska da faiba da shafi, ki sa 16, sabuwa. Ki nemi wadda aka rubuta HAx1 a kwalinta, mai gefe ɗaya a shafe. Wadda aka rubuta DBx1 ta keken kamfani ce, gindinta zagaye ne, ba ta zauna daidai a naki ba. A irin baƙin keken nan gefen da yake a shafe yana kallon dama ne, wajen babbar taya, zaren kuma ya shiga daga hagu zuwa dama. Ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure.

Karyewar allura a mahaɗa kuwa yawanci daga ja ne. Keke ya ɗan cije a tudu, sai a kama bargon ta baya a ja, allura ta lanƙwasa ta daki faranti. In kin iso tudu ki dakatar da ƙafarki, ki juya taya da hannu zuwa gare ki har ki wuce wurin. Fil ma a cire shi kafin allura ta iso.

Saura abu biyu da ke rage tamuƙewa. Akwai sukuru a saman kan keken, daidai saman ƙafar, shi ke danne ta. Ki sassauta shi juyi biyu ko uku, domin in ƙafar ta danna da ƙarfi, haƙoran da ke ƙarƙashinta suna jan shafi gaba, ita kuma tana tura na sama baya. Sannan ki ƙara tsawon taku. Lambobin da ke jikin abin saita taku suna nuna yawan taku ne a inci ɗaya: 12 don haɗa ƙyallaye, 8 don hawa uku.

Faiba tana zubar da gashi sosai, ga ƙurar hunturu. Duk kwarkwaro biyu da kika ƙarar, ki buɗe faranti ki share haƙoran da tsohon buroshin haƙori, ki ɗiga man keke ɗigo ɗaya a inda ƙoshiya ke juyawa. Man gyaɗa ko baƙin mai kada su kusanci keke, daskarewa suke su kama ƙura. Bayan sa mai ki fara ɗinka tsumma, kada ya ɓata miki bargo.

Telar Gida:

Anti, saitin da Malam ya faɗa zai taimaka, amma ko da shi shafi zai tamuƙe muddin ba a kama hawa ukun nan da juna ba kafin a kai su keke. A nan aikin yake.

Lissafi tukuna. In kin gyara layukan, fuskar bargon za ta fito inci 66 da rabi faɗi, 77 da rabi tsawo. Shafi da faiba su fi ta da inci huɗu ta kowane gefe, wato wajen 75 da 86, don ɗinki yana janye su ciki. Faɗin atamfa bai kai 75 ba, sai kin yanka tsawon inci 86 sau biyu kin haɗa. Inci 172 ke nan, yadi biyar ba kaɗan. Turmi ɗaya ya ishe ki har da ragowar da za ki yi baki da ita. Ki wanke shi ki goge kafin ki yanka. Ki datse bakin nan mai tauri da ake buga sunan atamfa a jikinsa, saƙarsa ta fi matsewa, in aka bar shi cikin ɗinki sai ya tattare. Ɗinkin tsakiyar shafin ki ci rabin inci ki buɗe shi da guga.

Na tsakiya: ki sayi faiba ta shimfiɗa, wadda ake aunawa da yadi, siririya, kaurinta kada ya wuce rabin inci. Mai kauri irin ta duvet, bargon nan mai tudu, tana da kyau a ido, amma sararin da ke tsakanin allura da jikin kekenki wajen inci bakwai ne, ba za ta nannaɗu ta shige ba. Faibar filo ta warwatse da audugar rimi duk ba su yi ba, wanki ɗaya za su dunƙule su taru a kusurwa. In kuma akwai tsohon bargo siriri mai tsabta a gida, shi ya fi kowanne sauƙin ɗinki, ba ya zamewa, ga ɗumi, sai dai nauyi da daɗewa kafin ya bushe. Faiba ki buɗe ta ta kwana a shimfiɗe ninkinta ya saki. Kada dutsen guga ya taɓa ta, narkewa take.

Ki share tsakar ɗaki, kan tayil ko siminti, ba kan katifa ko darduma ba. Ki shimfiɗa shafin fuskarsa na kallon ƙasa, ki liƙe gefunansa da salatef, ki fara da tsakiyar kowane gefe sannan kusurwoyi. Ya miƙe sumul amma kada ki ja shi kamar fatar ganga, in kin ja da yawa, da kin cire salatef zai koma ya tattaro na sama. Ki ɗora faiba, ki ɗora fuskar tana kallon sama, ki bi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Daga nan ki soka fil mai makulli tun daga tsakiya, tsakanin wannan da wancan faɗin dunƙulen hannu, wato inci huɗu. Bargo irin naki zai ci wajen 300. In babu su da yawa, ki ɗauki doguwar allurar hannu da farin zare ki yi dogayen taku na inci biyu: layi ɗaya daga tsakiya zuwa kowane gefe, sannan layuka a tsaye da a kwance, inci huɗu tsakani. Farin zare nake cewa domin mai launi yakan bar tabo. Aikin yini guda ne da ciwon gwiwa, amma duk wanda ya tsallake shi zai biya a kwancewa.

Wajen ɗinkin, ki jawo tebur ki ajiye a hagun keke da bayansa, ya ɗauki nauyin bargon. In yana reto ƙasa, nauyinsa zai karkatar da layi ya kuma ƙanƙance taku. Ki nannaɗe rabin dama kamar tabarma ya shige cikin keken. Layin farko ya bi tsakiyar bargon daga sama har ƙasa, sai ki ci gaba zuwa dama, duk layukan daga sama zuwa ƙasa. In kin gama wannan rabin ki juya bargon ki yi ɗayan. Hannuwanki biyu a shimfiɗe gefen allura, suna ɗan buɗe wurin, ba ja ba turawa.

Ni dai shawarata a karon farko ki bi miƙaƙƙen layi, kwatan inci a gefen kowane ɗinki, ki ƙara ɗaya a tsakiyar ƙyalle. Tsakanin layuka zai zama ƙasa da inci uku, faiba ba ta da inda za ta gudu. Ɗinkin da ke ratsa ƙyalle daga kusurwa zuwa kusurwa ya fi ƙawa, sai dai a bayas yake tafiya, inda yadi ya fi miƙewa, da ƙafar keke ta yau da kullum kuma nan tamuƙewa ta fi yawa. In za ki ƙara layukan kwance su gitta na tsaye, ki lura sosai a magama, nan ne ɗan ninki yake fitowa. Da kin ga yadi ya fara taruwa gaban ƙafa, ki tsaya allura na ciki, ki ɗaga ƙafar ki baje shi ki sauke.

Amaryar Bana:

Don Allah a ƙara da maganar zuba. Ni na ji ana cewa a jiƙa atamfa a ruwan gishiri ta kwana, ba za ta sake zuba ba.

Hajiya Mai Zanin Gado:

Ƙanwata, gishiri ba ya kama rinin da aka riga aka gama a masaƙa. Abin da ke faruwa, jiƙon ne yake fitar da rarar launin, sai a ba gishiri lada. Gwajin da za a dogara da shi: a jiƙa farin ƙyalle, a ɗora kan atamfar a danna da dutsen guga mai zafi. In launi ya hau farin, tana zuba. Ja, shuɗi mai duhu da baƙi su aka fi tsoro. Wadda aka kama a wanke ta ita kaɗai har ruwan ya fito fari, in ta ƙi dainawa bayan wanki uku a fitar da ita daga aikin. Ga Uwar Biyu da ta riga ta yanka, wanke ƙananan ƙyallaye zai sa bakinsu ya zare su ƙanƙance, don haka ta gwada kowace atamfa da ragowarta, wadda ta zuba ta cire ƙyallayenta ta maye da wasu.

Uwar Biyu:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Na auna, layi takwas sun fito daidai, shida na gyara. Wasu ɗinkunan har kwata da rabin kwata na ci. Yanzu da salatef ɗin da gugar dama da hagu, layi tara na haɗa, mahaɗa biyu ce kawai ta ɗan goce. Malam, ashe allurar DBx1 ce a keken, na canza, na sassauta sukurun sama, ɗan gwajin ya fito babu cukurkuɗewa. Jar atamfa ɗaya ta zuba, ƙyalle 11 na cire. Saura baki: in ninko shafin ta sama in kalmashe, ko in yi masa daban?

Telar Gida:

Madalla Anti. Ninko shafi ya fi sauri, amma hawa ɗaya ne, kuma bakin bargo shi ke fara cinyewa. Ki yi masa daban mai hawa biyu. Bayan kin gama ɗinkin, ki daidaita gefuna da dogon katako ko bakin tayil ki datse rarar faiba da shafi, ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya bargon bai karkace ba. Ki bi gefen duka da ɗinki rabin kwata daga baki don hawa ukun su zauna.

Kewayen bargon inci 288 ne, ki ƙara 12 na kusurwa da haɗi, 300 ke nan. Daga ragowar turmin ki yanka tsiri takwas ta faɗin atamfar, kowanne inci biyu da rabi. Ki haɗa su a karkace don kada kauri ya taru wuri ɗaya, ki ninka biyu a tsawo ki goge. Ki fara daga tsakiyar gefe ɗaya ta fuskar bargon, ki bar jelar inci takwas ba ɗinki, ki ci kwata. In saura kwata ki kai kusurwa ki tsaya ki ƙulle, ki fitar da bargon, ki ninka tsirin sama ya yi karkace, ki sake ninko shi ƙasa daidai da gefe na gaba, ki ci gaba daga bakin. In kin zagayo, ki shigar da ƙarshen cikin jelar farko, ki juya bakin zuwa baya ki kama shi da ɗinkin hannu, taku kwata-kwata, allura tana ɗaukar shafi kawai ba ta fita ta fuska ba.

Wankin farko da ruwan sanyi, kada ki murɗe shi, ki matse da hannu. Ki shanya shi a kan igiya biyu ko uku a jere don nauyin ruwa kada ya tsinka ɗinki, shafin yana kallon rana.